Bahago a Jirgin Ɗan Yaya

Sunansa na yanka Mika'ilu, amma in ka shiga birnin Zariya kana cigiyar Malam Mika'ilu sai ka wuni kana yawo. Ka ce Bahago mai injin, ko mai suyar ƙosai za ta nuna maka rumfarsa. In ka shigo ta Ƙofar Doka ka gangara kaɗan za ka gan ta, 'yar rumfar kwano ce wadda ƙasar gabanta ta yi baƙi ƙirin saboda baƙin mai. Shekara arba'in da 'yan kai yana wurin yana gyaran injin markaɗe da injin ban ruwa, da janareto ya cika gari kuma ya haɗa da shi. Da hagu yake riƙe sifana. An ce yana ƙarami malaminsu na allo ya bugi hannun nan har ya gaji. Ya koyi cin tuwo da rubutu da dama, sifana ce kawai ta ƙi komawa.

Gajere ne, muryarsa ba ta fita sosai, kuma ba ya gaggawa. In ka kawo masa injin ba ya taɓa shi tukuna. Sai ya ce ka tayar, ya sunkuyar da kai yana saurare kamar mai ɗaukar karatu, sannan ya gaya maka abin da ke damunsa, kuma da wuya ya kuskure. Ban san wani abin a zo a gani da ya taɓa yi ba. Bai je Makka ba, bai shiga siyasa ba, mace ɗaya ya aura, Inna Sailuba, har yau kuma suna tare. Ba don abin da na gani da idona a zauren gidansu ba, da ba ni da abin rubutawa a kansa.

Ni sunana Jamalu, abokin ɗansa Suhail ne tun muna firamare. Na ce ɗansa, amma a gidansu ba haka ake faɗa ba. Suhail ne ɗan fari, gidan kuma na mutanen da ne, masu riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ranar da aka yaye shi aka ɗauke shi zuwa sashen wan mahaifinsa, Alhaji Zaharaddini, a cikin gida guda, bai fi taku talatin ba daga ɗakin da aka haife shi. Can ya tashi. Alhaji yake kira Baba, Bahago kuwa Baba Ƙarami, yadda sauran 'ya'yan Alhaji suke kiransa. Shi Bahago bai taɓa kama sunan yaron ba, in ta kama dole sai ya ce ɗan Yaya. Ba ya zama inda yake zaune, ba sa haɗa kwano. In suka yi kiciɓis a soro, ƙaramin ya rusuna ya yi gaisuwa can ƙasa, babban ya amsa yana kallon bango ya wuce. In da saƙo sai a aiki wani. Haka suka yi shekara talatin da ɗaya.

Kada a ɗauka mutumin mai zafi ne. Autarsa Radiya har hula take cire masa ta gudu, tana kiransa tsoho mai ƙanshin fetur, shi kuma yana bin ta yana dariya. Suhail na gani, bai taɓa cewa uffan ba. Sau ɗaya na tambaye shi, muna sakandare, ko abin yana damunsa. Ya ce shi bai san wani irin zama ba bayan wannan, to da me zai gwada.

A shekarar da nake ba da labarinta Suhail yana aiki a ɗakin kwamfuta na jami'a a harabar Kongo, kuma ƙodarsa duka biyu sun gaza. Sau biyu a mako ake kai shi wankin ƙoda. Likita bai ɓoye wa kowa ba, ya ce zuciyarsa ma ta taɓu, wankin nan jan lokaci ne kawai. Alhaji ne ke shiga wurin likita, shi ke sa hannu a takarda, don shi ne uba. Bahago yakan bi motar a kan babur ɗinsa, ya zauna gindin wata darbejiya a wurin ajiye motoci har a gama, sannan ya riga su isa gida don kada a ce ya je. Kowa ya san ya je. Abin da ya dame ni ke nan a lokacin: mutanen nan biyu ba su taɓa magana baki da baki ba, kuma kwanakin da suka rage musu ba su da yawa.

Da jiki ya hana Suhail yawo da zuwa gidan kallon ƙwallo, sai ya kawo mana wani wasan kwamfuta gida. Ba irin na harbe-harben nan ba ne da kowa ke ta kansa. Jirgi ne guda na sararin samaniya, mutum biyar ke tafiyar da shi, kowa da kwamfutarsa, kowa da abin da yake gani wanda sauran ba sa gani. Matuƙi yana ganin hanya. Mai makamai yana ganin abokan gaba. Mai sadarwa shi ke karɓar saƙo daga tashoshi da sauran jirage. Mai injin ba ya ganin komai na waje, cikin jirgin kawai yake gani, ina wuta ke tafiya, wane sashe ya ɗau zafi, ina ya lalace. Kyaftin kuwa ba shi da maɓalli ko ɗaya da zai danna. Hoton da majigi ke haskawa a bango yake kallo, aikinsa ya tambaya, a gaya masa, ya yanke abin da za a yi. In aka daina magana jirgin ya halaka, wasan ke nan gaba ɗayansa.

Asabar da Lahadi bayan La'asar muke shimfiɗa tabarmi a zaure na biyu, mu saki labule a ƙofa saboda haske, mu tashi in an kira Magariba. Suhail ne kyaftin, yana jingine da matashi a ƙuryar zauren saboda ƙafafunsa sun kumbura. Tuƙi muka ba Auwal, wanda keke napep yake ja tsakanin Ƙofar Doka da kasuwa, ya kuwa riƙa jan jirgin nan kamar mai rububin fasinja, ba ya ganin dutse a sama sai ya goge shi. Radiya ta ce ita makamai take so, ba wanda ya ja da ita. Ni aka ba sadarwa saboda surutuna, dama kuma aikina ke nan a sakatariya, ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan. Injin ne ya zame mana matsala. Ba ka ganin taurari, ba ka harbin kowa, wasu layuka ne kawai suna hawa suna sauka. Mutum uku muka ɗora a kai, kowanne ya yi mako ɗaya ya daina zuwa.

Wata Asabar aka ɗauke wuta muna tsakiyar wasa, janareton gidan kuma ya ƙi tashi. Radiya ta je ta kira babanta daga rumfa. Ya wanke fulogi ya tayar, sannan ya leƙo zaure don ya ga ko wutar ta ishi majigin. Kwamfutar injin tana ajiye a bakin ƙofa ba kowa a kanta, wani layi a cikinta ya yi ja, jiniya na ta kuka. Ya tsaya yana kallo. Ya tambayi Radiya wannan jan layin na mene ne, ta ce zafin injin ne. Ya ce to ina ruwan sanyaya shi, ta nuna masa. Ya tsuguna, ya mai da linzamin kwamfutar gefen hagu, ya janye ruwa daga wani sashe da ba a aiki da shi ya tura wa injin. Jiniyar ta yi shiru.

A lokacin ne ya ɗaga kai ya ga wanda ke jingine a ƙurya. A ƙa'idar gidan nan tashi ya kamata ya yi ya fita, mu duka mun san haka, har Auwal ya janye ƙafa don ba shi hanya. Bai fita ba. Ya ja tabarmar ya juya ta, ya zauna fuskarsa na kallon ƙofa, bayansa na wajen kyaftin.

Ba a jima ba jiragen abokan gaba biyu suka taso mana, ana bukatar a ƙara wa injin wuta mu gudu. Suhail ya buɗe baki ya rufe. Ya dube ni.

"Sadarwa, a roƙi Baba Ƙarami, in ba damuwa, ko zai yiwu a ƙara wa injin wuta."

Tsakaninsu bai fi taku huɗu ba. Bahago ya ji sarai, amma hannunsa bai motsa ba sai da na juya na maimaita masa. Sannan ya ce da ni in gaya wa ɗan Yaya cewa in aka ƙara yanzu injin hagu zai ƙone, a bari ya huce. Na sake juyawa na maimaita. Kafin in rufe baki an yi kaca-kaca da mu. Sau uku muka mutu a ranar, duk a kan wannan kai-da-kawowa. Auwal ya ce shi a rayuwarsa bai taɓa ganin jirgin da ake gaisuwa kafin a taka birki ba.

Lahadi ba wanda ya aika masa, sai ga shi ya shigo da wankakken hannu ya nufi tabarmarsa. Daga nan ya zama mai injinmu. Mutumin da ya shekara arba'in bai rufe rumfa kafin Magariba ba, sai ga shi ran Asabar ana sallame La'asar yana ja wa ƙofa kwaɗo, masu injin markaɗe na tsaye suna mita. Ya sayi tabarau. Ya sa Radiya ta fassara masa kalmomin Turancin da ke kan allon, ya zana cikin jirgin gaba ɗaya a bayan takardar siminti ya liƙa a rumfa, inda wuta ke shiga da inda take rabuwa. Yakan ce injin hagu yana da tari, na dama kuma mai haƙuri ne. Suhail ya gaya mini a wasan babu wani bambanci tsakaninsu, amma kada in kuskura in faɗa masa.

Ni kuwa na zama wayar tangaraho. Abin yana ba ni haushi, ba zan ɓoye ba. Umarnin da ya kamata ya zama kalma uku sai ya fito da a roƙa da in ba damuwa da in Allah ya yarda, ya biyo ta kaina, amsa ma ta biyo ta kaina. Na koyi datse su, in faɗi gundarin kawai, muka rage mutuwa. Sannu a hankali ma Bahago ya gane yadda kyaftin ɗinsa ke tunani, kafin saƙo ya iso ya riga ya ɗora hannu a inda za a ce. Amma ba ya dannawa sai na faɗa. Ya ce injin da ba naka ba, ba ka juya shi sai mai shi ya ce a juya. Wata uku muka yi a haka, kuma a wata ukun nan maganar da ta wuce tsakaninsu ta fi ta shekara talatin da ɗaya yawa, ko da yake duk a kan wuta da ruwa da garkuwar jirgi ce.

Wata Lahadi bayan mun tashi ya tsayar da ni a ƙofar gida. Ya ce numfashin ɗan Yaya ya canza, yana jin ruwa a ƙirjinsa, in je in gaya wa Alhaji a mai da shi asibiti kada a jira ranar wanki. Duk wasan nan bayansa ya juya, ashe kunnensa na ƙurya. Aka kai shi washegari, likita ya ce haka ne, ruwa ya taru.

Ranar ban iya riƙe bakina ba. Na same shi gindin darbejiyar nan na ce masa, Baba, kai ka ji abin da likita sai da ya sa na'ura ya ji, me zai hana ka shiga ka zauna kusa da shi ka yi masa sannu. Na ce wannan abu ba aya ba ne, ba hadisi ba ne. Na yi ta zuba, har da abin da bai kamata ɗa ya faɗa wa uba ba. Bai yi fushi ba. Ya ce ya sani, ya taɓa tambayar malamai ma sun ce babu shi a addini. Ya ce mahaifinsu har ya koma ga Allah bai kira sunan Alhaji ba, kuma Alhaji bai ragu da komai ba. Ya goge madubin babur da hannun riga, sannan ya ƙara da cewa ya sha gwadawa shi kaɗai a rumfa in ba kowa.

"Bakin ne yake ƙi," in ji shi.

Da aka sallamo Suhail ya rame ƙwarai, amma ya ce a shimfiɗa tabarmi. Ni kuma na zo da dabarata, wadda a lokacin nake ganin ta fi ta kowa. Na ja Auwal da Radiya gefe na ce musu in wasa ya yi zafi zan tashi in fita, kada wanda ya isar da saƙon kowa. In babu ɗan aike, dole ɗayansu ya buɗe baki. Radiya ta ce ba ta ga alamar zai yiwu ba, ta fi ni sanin babanta. Na ce ta bar ni da su.

Ran Lahadi muka tashi jirgi lafiya, muka raka wani jirgin kaya zuwa tasha, a hanyar dawowa aka yi mana kwanton ɓauna. Da na ga an kewaye mu sai na kara waya a kunne kamar an kira ni, na fita na tsaya bayan labule. Ta gefen labulen ina ganin komai.

Jiniya ta fara. Injin ya ɗau zafi, ruwan bai isa ko'ina ba, sai dai a zaɓa: ko a sauke garkuwa a ba injin mu gudu, ko a kashe injin a tsaya a yi faɗa. Kyaftin ne mai zaɓa, amma ba zai iya ba sai mai injin ya gaya masa saura nawa. Bahago yana ganin layin yana hawa, hannunsa na kan linzami. Suhail yana kallon bango, ya dubi tabarmata, ya sake duban bango. Auwal ya yi ta juya jirgin a wuri ɗaya, Radiya ta daina harbi ta sunkuyar da kai. Na ji Bahago ya gyara murya. Na ce a raina ga ta nan. Ya sake gyara murya, kafaɗarsa ta ɗan juya, sai kuma ta koma. Haka aka yi kusan minti guda, ba abin da ake ji sai jiniya da ƙarar janareto daga tsakar gida. Sai bangon ya yi fari fat, rubutu ya fito cewa jirgi ya tarwatse.

Ba wanda ya motsa. Can Suhail ya juya wajen tabarmata, wadda ba kowa a kanta, ya yi magana a hankali.

"Sadarwa, a ce wa Baba Ƙarami ya yi haƙuri, ni na kashe jirgin. A tambaye shi ko zai zo ran Asabar."

Bahago ya zauna yana jira. Ni yake jira, in shigo in kawo masa. Ni kuma na kafe a bayan labule, ina ce wa kaina in na ƙara haƙuri kaɗan zai gaji ya amsa da kansa. Taurin kai ne kawai, ba wani abu ba. Muna nan a haka aka kira Magariba. Ya rufe kwamfutar yadda Radiya ta koya masa, ya naɗe tabarmarsa ya jingine, ya ɗaga labule ya gan ni tsaye da waya a hannu ba kowa a kan layi. Ya sa takalmi ya tafi masallaci.

Kunya ta hana ni komawa gidan a makon. Na ce ran Asabar in an zauna zan gyara. Ran Laraba aka kai Suhail wanki ba a dawo da shi ba, aka ba shi gado. Kwana tara ya yi, yawanci ba ya gane mutane. Ranar Juma'a da hantsi ya cika, Alhaji na riƙe da hannunsa, ni ina tsaye wajen ƙafafu.

Ni aka tura in gaya wa Bahago, wa kuma za a tura. Yana zaune a kan babur gindin bishiya. Da ya ga fuskata bai bari na faɗa ba, ya yi salati ya tambaye ni ko Yaya na wurin. Na ce yana nan. Ya ce to madalla. Ya buga babur bai tashi ba, ya sake bugawa, ya sunkuya ya murɗa wani abu a ƙasa, ya tashi. Ya ce bari ya je gida a fara fito da tabarmi.

Bayan an dawo daga maƙabarta Alhaji ya zauna a tsakiyar shimfiɗa a ƙofar gida, mutane suka yi layi suna yi masa ta'aziyya. Bahago ne ke ɗauko benci daga makarantar unguwa, shi ke cika butoci, shi ya ja waya ya haɗa fanka saboda manyan baƙi. Da ya gama ya wanke hannu ya shiga layi kamar kowa. Da aka zo kansa ya tsuguna gaban wansa ya ce, Yaya ya haƙuri, Allah ya jiƙansa. Alhaji ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba, har na baya suka fara leƙe. Sannan ya saki, Bahago ya tashi ya koma wajen fanka. Wasu sun tsaya sun yi masa gaisuwa a matsayin ƙanen uba, wasu ba su ma lura da shi ba.

Ni ban yi kuka ba, kuma ban ji komai ba. Ina zuwa ofis, ina kai fayil, ina cin abinci in an ba ni. Radiya ta haɗa kwamfutocin ta mayar wa masu su, Auwal in mun haɗu a titi sai ya danna ham ya wuce. Hanyar rumfar Bahago na daina bi, ina zagayawa ta bayan masallaci ko da ta fi nisa.

Bayan an yi arba'in da 'yan kwanaki na manta na biyo ta nan da rana, tunanina na wani wuri. Sai na ji ƙaramar muryar nan ta kira sunana. Yana tsugune gaban wani injin markaɗe, mai injin na tsaye a kansa. Ya ce wa mutumin ya je ya dawo bayan Azahar. Ya goge mini benci da tsumma na zauna, muka gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Na zaci faɗa zai yi mini, na ma fi son ya yi.

"Jamalu, akwai saƙona a wurinka," ya ce.

Na ce Baba ai ka ji shi, kana zaune aka faɗa.

"Na ji. Amma ba a kawo mini ba."

Ya ajiye sifana ya gyara zama, ya juya mini gefe kamar yadda yake yi a zaure. Na ga da gaske jira yake. Na faɗa, ban datse komai ba. Na ce ɗan Yaya ya ce a ce wa Baba Ƙarami ya yi haƙuri, shi ya kashe jirgin, kuma a tambaye shi ko zai zo ran Asabar.

Ya gyaɗa kai. Ya daɗe yana kallon ƙasar nan mai baƙin mai.

"Ka ce masa ba shi ya kashe ba. Ni na ga zafin ban faɗa ba." Ya ɗauki sifanarsa ya juya ta a hannu. "Asabar kuma ka ce masa zan zo."

Na ce to. Ya koma kan injinsa ya ci gaba da kwance ƙusa. Na miƙe na karkaɗe riga na fita bakin titi na tsaya, keke uku suka wuce ba kowa a ciki, ban tsayar da ko ɗaya ba.